Agajin Gaggawa da Wariyar Masu Neman Jinsi Ɗaya a Lokacin Bala'i

Wariya a rabon agajin gaggawa na nufin a hana wanda bala'i ya afka wa abinci, ko wurin kwana, ko magani, ko diyya, ko kuma a rage masa rabonsa, bisa wani dalili da bai shafi girman buƙatarsa ba. An daɗe da sanin irin wannan wariya a kan ƙabila da addini da launin fata. Wannan maƙala ta tsaya ne a kan wani rukuni da aka makara wajen lura da shi: maza masu neman maza, mata masu neman mata, da waɗanda shigarsu da rayuwarsu ba su dace da jinsin da ke rubuce a katin shaidarsu ba. A bakin jama'a ana kiran na farko 'yan luwaɗi, na biyu 'yan maɗigo, kafafen labarai kuma kan ce masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi. Ƙasashe da dama suna da tsofaffin sunayensu na gida ga rukuni na uku: waria a Indunusiya, aravani a kudancin Indiya, meti a Nepal, bakla a Filifin. Bahaushe zai ga wata kama tsakanin waɗannan da 'yan daudu, ko da yake kowace al'umma da irin matsayin da ta ba nata.

Binciken ilimi a kan lamarin bai daɗe ba. Yawancinsa ya biyo bayan igiyar tsunami ta 2004 da guguwar Katrina ta 2005. Abin da ya fi fitowa a cikinsa shi ne, ba kasafai ma'aikacin agaji ke duban mutum ido da ido ya ce ba zai ba shi ba. Wariyar ta fi maƙalewa a cikin takarda da tsari: a fom ɗin rajista, a ma'anar da aka ba kalmar iyali, a yadda aka raba layi da makewayi.

Ƙa'idar rashin nuna bambanci

Aikin agaji na zamani ya samo asali ne daga yaƙin Solferino na 1859 a arewacin Italiya. Henry Dunant, ɗan kasuwa daga Geneva, ya tarar da dubban sojoji yashe cikin raunuka, ya haɗa kai da matan garin Castiglione suka yi jinyarsu ba tare da tambayar ɓangaren da kowa ya yi wa yaƙi ba. Daga nan aka kafa Red Cross a 1863. A 1965, a birnin Vienna, ƙungiyar ta ayyana ƙa'idojinta bakwai, ciki har da rashin nuna bambanci, wato a taimaki mutum gwargwadon wahalarsa, a fara da wanda ya fi matsuwa. Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya rungumi wannan ƙa'ida a ƙudurinsa mai lamba 46/182 na Disamban 1991. Ƙa'idar ba ta neman mai agaji ya amince da rayuwar wanda yake taimaka wa. Likitan da ya ɗaure raunin sojan abokan gaba bai shiga rundunarsu ba.

Inda gizo ke saƙa shi ne jerin sunayen da ke biyo bayan ƙa'idar. Na 1965 ya ambaci ƙasa, da launin fata, da addini, da matsayi, da ra'ayin siyasa. Dokar Stafford ta 1988, wadda hukumar agajin gaggawa ta Amurka, FEMA, ke aiki da ita, ta jero nata rukunonin ba tare da masu neman jinsi ɗaya ba. Tsarin Sendai na 2015, wanda ƙasashen duniya suka amince da shi don rage haɗarin bala'o'i har zuwa 2030, ya ambaci mata da yara da naƙasassu da tsofaffi da baƙin haure, ya yi shiru a kan masu neman jinsi ɗaya da masu sauya jinsi. Littafin Sphere, jagoran ma'aikatan agaji, ya ambace su ƙarara a bugunsa na 2018. Shirun yana da illa, domin wanda ba a ambata a takarda ba da wuya a ware masa kuɗi ko a horar da ma'aikaci a kan buƙatarsa.

Teburin rajista

Duk wanda ya taɓa halartar rabon kayan agaji ya san yadda abin ke farawa. Ga teburi, ga ma'aikaci riƙe da fom ko waya, ga tambaya ta farko: wane ne mai gidan, mutum nawa ne a ƙarƙashinsa? Ana rabo gida-gida ne domin tanti ɗaya da tukunya ɗaya kan ishi mutum biyar, kuma hakan na rage maguɗi. Sai dai gidan da mai tsara fom ya hango shi ne miji da mata da 'ya'ya. Wanda gidansa bai zo a wannan siffa ba, tun daga teburin yake fara faɗuwa.

Misalin da aka fi nazari shi ne na Haiti. Girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 7.0 ta afka wa Port-au-Prince da kewaye ranar 12 ga Janairun 2010. Gwamnatin ƙasar ta ce sama da mutum 200,000 sun mutu, kimanin miliyan ɗaya da rabi kuma suka koma zaman sansani. A makonnin farko rabon abinci ya zama kokawa, majiya ƙarfi su ture mata da tsofaffi su kwashe kaya. Sai Hukumar Abinci ta Duniya ta sauya tsari a ƙarshen watan. Ta buɗe wuraren rabo 16 a birnin, ta raba tikiti, ta ce mata ne za su shiga su karɓi buhun shinkafa mai kilo 25, maza su tsaya a waje su taya ɗauka. Dalilinta mai ƙarfi ne. An sha gani a ƙasashe da yawa cewa abincin da ya shiga hannun uwa ya fi isa bakin yara, kuma da sabon tsarin layi ya natsu. Amma tsarin ya ɗauka cewa kowane namiji yana da macen da za ta karɓo masa. Maza biyu da ke zaune ɗaki ɗaya, ko saurayin da danginsa suka kora tun kafin ƙasa ta girgiza, ba su da mai shiga layi. Rahoton da ƙungiyar SEROvie ta Haiti ta fitar a 2011 tare da wata ƙungiyar kare haƙƙi mai mazauni a New York, wadda yanzu ake kira OutRight, ya kawo labarin wanda yunwa ta sa ya yi shigar mata ya bi layi, aka gane shi, aka lakaɗa masa duka. Rahoton ya kuma kawo labarin fyaɗe a sansanoni, inda babu ƙofa babu fitila, kuma macen da ba ta da miji ko ɗan'uwa a kusa ita aka fi yi wa ɗauki ɗai-ɗai. Ita kanta SEROvie, wadda ke aikin yaƙi da cutar ƙanjamau a tsakanin maza, ofishinta ya rufta ranar girgizar, mutanenta 14 suka mutu a ciki. Wurin da waɗannan mutane suka saba zuwa neman magani da shawara ya tafi a daidai ranar da suka fi buƙatarsa.

Babu wanda ya tsara layin matan Haiti don ya cutar da kowa, kuma ba masu neman maza kaɗai ya bari a waje ba; gwauraye da magidantan da matansu suka mutu a ɓaraguzai su ma ya shafe su. Wannan ne ya sa misalin ke da muhimmanci. Ya nuna cewa gyara na gaskiya, wanda ya ceci dubban mata, yana iya barin wasu da yunwa idan ba a bar wata ƙaramar ƙofa ga wanda bai shiga lissafi ba.

A jihar Tamil Nadu ta Indiya kuwa, katin rabon abinci ne ya zama shinge. Tsunamin 26 ga Disamban 2004 ya kashe kimanin mutum 230,000 a ƙasashen da ke gaɓar Tekun Indiya. Gwamnati ta dogara da katin da kowane gida ke sayen shinkafa mai rahusa da shi wajen tantance masu cancanta. Aravani da yawa sun bar gidan iyayensu tun suna ƙanana, suna zaune rukuni-rukuni a ƙarƙashin wata babba a cikinsu, ba su da katin. Binciken da Chaman Pincha ta jagoranta da tallafin ƙungiyar agaji ta Oxfam, wanda ya fito a 2008, ya gano cewa ba a saka su a jerin masu samun matsugunin wucin gadi ba, waɗanda suka mutu a cikinsu ma ba su shiga ƙidayar mamata ba. A wannan shekarar ce jihar ta kafa hukumar kula da walwalar aravani, irinta ta farko a Indiya, ta kuma fara ba su katin.

A Nepal, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a 2007, a ƙarar da Sunil Babu Pant da ƙungiyarsa ta Blue Diamond Society suka shigar, cewa a amince da jinsi na uku a takardun gwamnati. Shekara guda bayan haka kogin Koshi ya yi ambaliya, ƙungiyar ta ba da rahoton gidajen meti da aka ba su rabin abin da aka ba maƙwabtansu, saboda mai rabo bai ɗauke su cikakken iyali ba. Hukuncin kotu yana Kathmandu, buhun shinkafa yana hannun jami'in ƙauye.

Diyya da gado

Idan ƙura ta lafa, tambaya takan koma kan wanda ya cancanci kuɗin mamaci. Harin 11 ga Satumban 2001 a Amurka ya kashe mutum 2,977. Majalisar dokoki ta kafa asusun diyya cikin kwana 11, aka ɗora lauya Kenneth Feinberg a kansa, asusun ya raba kimanin dala biliyan 7. Wajen tantance magada, an bi dokar gado ta jihar da mamacin yake zaune. A lokacin babu jiha ko ɗaya da ta amince da auren jinsi, kuma dokar tarayya ta 1996 ta taƙaita aure ga namiji da mace. Saboda haka wanda ya mutu bai bar wasiyya ba, iyayensa ko 'yan'uwansa ne magada, ko da sun yi shekaru ba sa ga maciji da shi. Wanda suka yi shekara goma ko ashirin suna biyan kuɗin gida tare sai ya koma jiran alfarmar dangi.

An yi ta toshe ɓarakar ɗaya bayan ɗaya. Gwamnan New York, George Pataki, ya ba da umarni a Oktoban 2001 cewa hukumar jihar mai biyan waɗanda ta'asa ta shafa ta ɗauki abokin zama tamkar miji ko mata. Red Cross ta Amurka ta bi sahu a nata tallafin. Wata mata da abokiyar zamanta ta shekara 18 ta mutu a ginin Pentagon ta nemi tallafin jihar Virginia aka hana ta, amma asusun tarayya ya biya ta sama da dala 500,000 a 2003. A Yunin 2002 Shugaba George W. Bush ya sanya hannu a kan dokar da ta ba da damar a biya diyyar ɗan sanda ko ma'aikacin kashe gobara ga wanda ya rubuta a takardar inshorarsa, in bai bar mata ko 'ya'ya ba. An sa wa dokar sunan Mychal Judge, limamin kirista na hukumar kashe gobara ta New York, wanda gawarsa ce aka fara yi wa rajista a cikin mamatan ranar.

Guguwar Katrina ta sauka a gaɓar Louisiana ranar 29 ga Agustan 2005, ruwa ya shanye mafi yawan birnin New Orleans, sama da mutum dubu suka mutu. Shekara guda kafin nan jihar ta rubuta haramcin auren jinsi a tsarin mulkinta. Masu bincike sun tattara labaran waɗanda aka yi wa rajista a matsayin baƙi ga juna alhali gida ɗaya suka fito, da waɗanda aka raba wajen sake tsugunarwa, da waɗanda suka sha wuya wajen karɓar inshorar gidan da ke da sunan ɗayansu kawai. Wannan ɓangare na matsalar ya ragu a Amurka bayan hukuncin Kotun Ƙoli na 2013 da na 2015 a kan auren jinsi. A Japan, bayan girgizar ƙasa da tsunamin 11 ga Maris 2011, an raba gidajen wucin gadi bisa rajistar gida ta hukuma. Kuɗin ta'aziyya kuma, wanda ke kaiwa yen miliyan 5 idan mai ciyar da gida ne ya rasu, a lokacin doka ta keɓe shi ga miji ko mata da dangi na jini.

Matsuguni

Sansani wuri ne da sirri ke ƙarewa. Ɗaruruwan mutane a zaure ɗaya, makewayi biyu, na maza da na mata. A Satumban 2005, a wani matsuguni da aka buɗe a jami'ar Texas A&M don 'yan gudun hijirar Katrina, 'yan sanda sun kama wata mai sauya jinsi saboda ta yi wanka a banɗakin mata. Ta yi kwanaki a tsare kafin a janye tuhumar. Gidanta na can cikin ruwa a New Orleans.

Sau da yawa mutanen ba sa ma zuwa sansanin. Lokacin da dutsen Merapi na tsibirin Java ya yi aman wuta a ƙarshen 2010, ya kashe sama da mutum 300, waria da yawa sun gwammace su raɓe a gidajen abokai, domin takardar shiga matsuguni gurbi biyu gare ta, kuma sun san irin kallon da za a yi musu. Wanda bai kwana a sansani ba kuwa ba ya cikin jerin masu karɓar kaya. Duk da haka, kamar yadda Benjamin Balgos da abokan bincikensa suka rubuta a 2012, wata ƙungiyar waria ta yankin Yogyakarta ta kwashi almakashi da mataji ta bi sansanoni tana yi wa 'yan gudun hijira aski da gyaran kai kyauta. Sana'arsu ke nan, da ita suka taimaka. A Fiji ma, bayan guguwar Winston ta Fabrairun 2016 wadda ta kashe mutum 44, rahoton da Oxfam da Edge Effect da Rainbow Pride Foundation suka fitar a 2018 ya nuna yadda da yawa suka guje wa matsugunan ƙauye da na coci, suka dogara da junansu.

Ɗora laifi

Ɗabi'ar neman wanda za a ɗora wa alhakin bala'i tsohuwa ce. A ƙarni na 6, Sarkin Rumawa Justinian ya fitar da dokar da ta danganta yunwa da girgizar ƙasa da annoba ga saɓo da luwaɗi. Kwana biyu bayan harin Satumban 2001, mai wa'azi Jerry Falwell ya faɗa a shirin talabijin na Pat Robertson cewa masu neman jinsi ɗaya na cikin waɗanda suka jawo abin, daga baya ya nemi afuwa. Wani mai wa'azin, John Hagee, ya ce Katrina hukuncin Ubangiji ce a kan wani bikinsu da aka shirya a New Orleans. An ji irin wannan wa'azi a Haiti da Fiji, an kuma ji shi daga bakin Filaret, babban limamin wata cocin Orthodox ta Yukren, a farkon annobar korona.

Batun aƙida na malamai ne, wannan maƙala ba ta shiga ciki. Abin da ya shafi aikin agaji shi ne tasirin maganar a sansani. Mutumin da ya binne 'ya'yansa jiya, aka ce masa ga wanda ya jawo, kuma wanda aka nuna ɗin yana kwance a tanti na gaba, ba sai an faɗi abin da zai iya biyo baya ba.

Masu bayarwa

Ƙungiyoyin addini suna cikin manyan masu kai ɗauki a duniya. Su ke da gine-gine, da 'yan sa-kai, da amincewar jama'a, kuma sau da yawa su ke fara isa. Mafi yawansu suna cewa ba sa tambayar kowa rayuwarsa kafin su ba shi abinci. Rigimar ta fi faɗawa kan ɗaukar ma'aikata da kuɗin gwamnati. A 1998 Salvation Army ta haƙura da kwangilolin birnin San Francisco na kusan dala miliyan 3.5, don kada ta bi dokar birnin da ta wajabta ba abokin zaman ma'aikaci irin haƙƙin da ake ba miji ko mata. A Yulin 2001 jaridar Washington Post ta fallasa wata takardar cikin gida da ke nuna ƙungiyar na neman fadar shugaban ƙasa ta kare ta daga irin waɗannan dokoki, fadar ta janye daga batun nan take. A Afrilun 2020 ƙungiyar Samaritan's Purse ta Franklin Graham ta kafa asibitin tanti mai gado 68 a filin Central Park na New York don masu korona, tare da asibitin Mount Sinai. Ma'aikatanta sai sun sa hannu a kan takardar aƙida da ta ce aure tsakanin namiji da mace ne kawai. An yi zanga-zanga, ƙungiyar ta ce tana jinyar kowa ba bambanci, hukumomin birni suka ce za su sa ido.

Masu ba da gudunmawa su ma suna jan akalar ƙungiyoyi. A Maris 2014 reshen ƙungiyar agaji ta World Vision na Amurka ya sanar cewa zai riƙa ɗaukar Kiristocin da ke cikin auren jinsi aiki. Cikin kwana biyu dubban mutane suka janye tallafin wata-wata da suke bai wa yara a ƙasashe matalauta, ƙungiyar ta sauya shawara. Yaran da tallafin ya shafa ba su san ma ana rigimar ba. Daga ɗaya ɓangaren kuma akwai masu kiran a ƙaurace wa asusun Salvation Army duk ƙarshen shekara. Kowane ɓangare na da 'yancin zaɓar inda zai kai sadakarsa, amma a ganin mai wannan rubutu, janye kuɗi a tsakiyar bala'i mabuƙaci ne yake fara ji a jikinsa.

Akwai kuma wanda ya zo bayarwa aka mayar da shi. Tun shekarun 1980, lokacin da ƙanjamau ta ɓulla kuma gwajin jini bai inganta ba, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta hana duk namijin da ya taɓa neman namiji tun daga 1977 ba da jini har abada. A lokacin akwai hujja: cutar ta fi yawa a cikinsu, kuma dubban masu cutar rashin daskarewar jini sun kamu ta hanyar jinin da aka ƙara musu. Gwaji ya ci gaba har ya kai ana gano ƙwayar cutar cikin kimanin kwana goma da kamuwa, amma haramcin ya zauna har Disamban 2015, sannan aka mayar da shi ƙauracewar wata 12. Wata shida bayan haka, ranar 12 ga Yunin 2016, wani ɗan bindiga ya kashe mutum 49 a gidan rawa na Pulse a Orlando, wurin da masu neman jinsi ɗaya ke taruwa. Jama'a suka yi dogon layi cikin rana don ba da jini, abokan waɗanda ke kwance a asibiti kuwa da yawa ƙa'ida ta hana su. A Afrilun 2020, da jini ya yi ƙaranci saboda korona, aka rage wa'adin zuwa wata 3. A Mayun 2023 aka koma yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya a kan halayensa na kwanan nan, tsarin da Birtaniya ta riga ta ɗauka a 2021.

Annobar korona

Dokokin kulle sun buɗe wata ƙofar. A Panama, daga Afrilun 2020, an raba ranakun fita sayayya: mata Litinin da Laraba da Juma'a, maza Talata da Alhamis da Asabar. Mai sauya jinsi in ta fita ranar mata mai gadi ya duba kati ya kore ta, in ta fita ranar maza ya dubi shigarta ya kore ta. Peru ta gwada irin wannan tsari ta yi watsi da shi cikin kimanin mako guda. A Yuganda, ranar 29 ga Maris 2020, an kai samame wani gidan da ke ba matasa marasa galihu mafaka a Kyengera, kusa da Kampala, aka kama mutum 23 da tuhumar yaɗa cuta. Yawancinsu sun yi kusan kwana 50 a kurkuku kafin a janye ƙarar, kuma babbar kotu ta ce hana su ganin lauya ya take haƙƙinsu.

Koriya ta Kudu ta nuna yadda tsangwama ke cutar da kowa. A Mayun 2020 cutar ta ɓarke a gidajen rawa na unguwar Itaewon a birnin Seoul, wasu jaridu suka bayyana cewa wuraren na masu neman maza ne. Dubban waɗanda suka je suka ƙi ɗaga waya, domin gwaji na nufin tonon asiri a gida da wurin aiki. Da hukumar birnin ta ba da damar gwaji ba tare da rubuta suna ba, sai mutane suka fito da yawa.

Ƙidaya da gyara

Mai tsara agaji yana aiki ne da alƙaluma, kuma a nan lamarin ya zama gaba kura baya sayaki. In ba a ƙirga mutane ba, ba za a tanadar musu komai ba. In aka rubuta sunayensu, takardar na iya faɗawa hannun 'yan sanda ko 'yan daba. Sama da ƙasashe 60 suna hukunta neman jinsi ɗaya. A Najeriya, dokar da Shugaba Goodluck Jonathan ya sa wa hannu a Janairun 2014 ta tanadi ɗaurin shekara 14 ga auren jinsi, da shekara 10 ga wanda ya yi wa ƙungiyar masu yinsa rajista ko ya tallafa mata. Yuganda ta ƙara tsananta tata dokar a 2023. A irin waɗannan ƙasashe, ma'aikacin agajin da ya saka wannan tambaya a fom ya jefa wanda yake son taimaka wa cikin haɗari, kuma haɗa kai da ƙungiyoyinsu na gida, wanda ya yi amfani a Nepal da Fiji, na iya zama laifi a idon doka.

Saboda haka yawancin gyare-gyaren da masana ke ba da shawara ba sa buƙatar kowa ya bayyana kansa. A bar ƙofar rajistar mutum ɗaya-ɗaya kusa da ta gida-gida. A karɓi shaidar maƙwabta ko ta mai unguwa idan kati ya ɓace ko hotonsa bai yi kama da mai shi ba. A gina wasu makewayi masu ƙofa da sakata da fitila waɗanda kowa zai iya shiga shi kaɗai, abin da ke amfanar naƙasassu da tsofaffi da uba mai ƙaramar 'ya. A samar da hanyar kai ƙorafi a asirce. A tabbatar maganin ƙanjamau bai yanke ba, domin katsewar makonni kaɗan na iya sa ƙwayar cutar ta daina jin magani. Game da tambayar farko ta teburin rajista kuwa, hukumomin agaji da na ƙidaya da dama sun daɗe da wata ma'ana ta gida wadda ba ta tambayar takardar aure ko dangantakar jini: mutanen da ke kwana wuri ɗaya suna ci daga tukunya ɗaya. Inda aka yi rajista da wannan ma'ana, aravani biyar da ke zaune da babbarsu gida ne, maza biyu na Port-au-Prince gida ne, haka ma tsohuwar da ke riƙon marayun maƙwabta.